Sauya Faifan Bel na Tayar Baya: Abin da Mai Babur Zai Samu da Abin da Zai Rasa

Ƙorafi iri biyu ne ke kai masu manyan babura gareji a kan maganar giya. Na farko shi ne na mai doguwar tafiya: ya hau shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ya sa giyar ƙarshe, amma inji na ta kururuwa, jijjiga na tsinka masa hannu, ƙafarsa na lalubar wata giya da babu ita. Na biyu shi ne na mai ɗaukar goyo da kaya: babur ya yi masa nauyi wajen tashi, in ya zo hawan tudu ko wuce babbar mota sai ya sauko da giya ɗaya ko biyu. Dukansu shawara ɗaya ake ba su, wato a sauya faifan nan mai haƙora da ke ɗaure a jikin tayar baya, wanda bel ke ja. Na farko a sa masa ƙarami, na biyu a sa masa babba.

Shawarar tana aiki, amma ba kyauta take aiki ba. Faifai ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na ƙwayar zarra. Aikinsa shi ne raba ƙarfin da ke akwai tsakanin ja da gudu, kuma duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga ɗayan aka ɗebo shi. Wanda ya gane wannan tun kafin ya ɗauki sifana zai kashe kuɗinsa a inda ya dace.

Inda maganar ta fi tasowa

Yawancin baburan da ke yawo a Kano ko Maraɗi sarƙa ke jan tayarsu. Maganar bel ta fi ƙarfi a Amurka, musamman a tsakanin masu Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a birnin Milwaukee a 1903. Baburansa na farko ma bel ɗin fata ne ke jan su, kafin sarƙa ta karɓe fagen na tsawon shekaru masu yawa. A 1980 kamfanin ya dawo da bel a kan samfurin da ya sa wa suna Sturgis, amma wannan karon bel ne mai haƙora, ƙirar kamfanin Gates. Zuwa farkon shekarun 1990 bel ya mamaye kusan duk baburan kamfanin, har da ƙananan da ake kira Sportster. Wasu kamfanoni ma sun bi wannan hanya a kan wasu samfuransu: Suzuki a kan Savage, Yamaha a kan Road Star, BMW a kan F800S da F800ST, haka kuma baburan lantarki na Zero.

Dalilin farin jinin bel a fili yake. Ba ya bukatar mai ko giris, ba ya fesa baƙin datti a jikin taya, ba ya ƙara, kuma ba ya miƙewa kamar sarƙa, domin a cikinsa akwai zarurruka masu ƙarfin gaske, na aramid a da, na kabon a baya-bayan nan. Sai dai wannan rashin miƙewa da ya sa ake son sa, shi ne kuma ke wahalar da mai son sauya giya, kamar yadda za a gani.

Lissafin haƙora

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin niƙa ya ga asalin maganar: ƙaramin faifai a bakin inji, babba a jikin maniƙa, bel ya haɗa su, ƙaramin ya juya sau da yawa kafin babban ya juya sau ɗaya. Haka yake a babur. Ana raba yawan haƙoran faifan baya da na faifan gaba, abin da ya fito shi ne yawan juyin da na gaba zai yi kafin taya ta kewaya sau ɗaya.

A ɗauki manyan baburan Harley na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. Da yawa daga cikinsu sun fito da haƙora 32 a gaba, 70 a baya. In an raba 70 da 32 za a sami kusan 2.19. Kafin ƙarfin inji ya iso nan, ya riga ya bi ta wata sarƙa ta ciki da ke haɗa inji da kuloci, mai haƙora 25 da 36, wato 1.44. Giya ta biyar kuma kai-tsaye take, juyi ɗaya ya shiga, juyi ɗaya ya fita. In an ninka 1.44 da 2.19, inji na juyawa sau 3.15 a kowane kewayen taya.

Yanzu a cire faifai mai 70 a sa mai 65. Rabon ya koma 2.03, jimillar kuma ta sauko zuwa kusan 2.93. Kewayen tayar baya ta irin wannan babur ya kai kimanin mita 2. A gudun kilomita 110 a awa, taya na juyawa kusan sau 917 a minti. Da tsohon faifai inji na juyi kusan 2,890 a minti, da sabon kuwa kusan 2,680. An rage juyi wajen 200, kashi 7 cikin 100. Ga mai tafiyar yini guda a kan hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙara ta ragu, jijjiga ta lafa, inji ya daina nishi.

Wannan kashi 7 ɗin ne kuma aka cire daga ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi. In an juya lissafin, wanda ya bar faifai mai 66 ya koma mai 70 ya ƙara wa tayarsa ƙarfin turi da kusan kashi 6 cikin 100, ya kuma ƙara wa injinsa juyi da daidai wannan adadi a kowane gudu. Kowane allazi da nasa amanu.

Abin da aka fi mantawa

Mai ƙorafin doguwar hanya giyar ƙarshe kaɗai yake tunani, alhali faifan baya yana bayan dukkan giyoyi ne, don haka in an taɓa shi an taɓa su gaba ɗaya. A misalin da ke sama, a giya ta ɗaya inji na juyawa kusan sau 10.1 a kowane kewayen taya. Da faifai mai 65 ya koma kusan 9.4. Ma'anarsa, wajen tashi sai an ƙara totur, an kuma daɗe ana sakin kuloci a hankali. In akwai goyo da jakunkuna, ko an tsaya a kan tudu, farantan kuloci ne ke shan wahalar, suna ɗaukar zafi, suna cinyewa da wuri. A cunkoso ma, babur ba ya yarda ya yi tafiyar hawainiya ba tare da an riƙe kuloci ba, hannun hagu kuma shi ke gajiya.

Akwai kuma zaton cewa ƙaramin faifai zai ƙara wa babur iyakar gudunsa. A takarda haka ne, a kan hanya ba lallai ba. Abin da ke tare babur a babban gudu iska ce, kuma turjiyarta na ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin injin da ake bukata don keta ta kuwa sau takwas. Babur mai faffaɗan gilashin gaba da akwatuna a gefe yakan ci karo da wannan bango tun inji bai kai ƙarshen juyinsa ba. In aka ƙara masa tsawon giya, sai ya rasa ƙarfin da zai ja giyar ƙarshe zuwa inda take kaiwa a da, har a tarar ta huɗu ta fi ta biyar gudu.

Haka batun shan mai. Rage juyi da kashi 7 ba ya nufin an rage fetur da kashi 7, domin aikin da inji ke yi na tura babur da mahayi cikin iska bai canza ba. Akan ɗan sami sauƙi a miƙaƙƙiyar hanya, amma in mahayi ya koma murɗa totur sosai don cike giɓin ƙarfin da ya rasa, sauƙin ya tafi. Mafi muni shi ne a bar babban inji mai silinda biyu yana ja da ƙyar a ƙaramin juyi cikin babbar giya. Za a ji yana bugu yana fizga, kuma wannan bugun yana sauka ne a kan boris da fistin da duk abin da ke tsakanin inji da taya.

A ɗaya gefen, babban faifai yana sa babur ya yi zafin nama: tashi da sauƙi, wuce mota ba tare da sauko da giya ba, kuloci ya huta. Shi ya sa masu liƙa wa babur ƙaramin ɗaki a gefe, da masu mayar da shi mai ƙafa uku, da masu jan ƙaramar tirela suka fi karkata nan. Farashinsa shi ne kowace giya ta gajarta, a riƙa sauyawa akai-akai, inji kuma ya riƙa ihu a babbar hanya.

Bel ba a yanka shi

Mai sarƙa in ya sauya faifai, sai ya cire gaɓa biyu ko ya ƙara, shi ke nan. Ɗan acaɓar da ya rage haƙoran faifan bayan baburinsa don tafiyar ƙauye zuwa birni, ko ya ƙara su don ɗaukar buhuna, lissafin da aka yi a sama ne dai yake bi, kuma bakanike zai gama masa aikin kafin la'asar. Bel kuwa zobe ne guda, ba shi da mahaɗa. Tsawon da aka ƙera shi da shi, shi ne tsawonsa har ya mutu.

Ga yadda ake gane ko tsohon bel zai ci gaba da aiki. Bel yana naɗe kusan rabin kowane faifai, kuma tazarar haƙori zuwa haƙori a bel ɗin Harley milimita 14 ce. In an rage haƙora 5 a baya, an saki kusan haƙori biyu da rabi na bel, wato milimita 35. Tunda bel yana da layi biyu, na sama da na ƙasa, sai an ja sandar taya baya da rabin wannan, milimita 17 zuwa 18, kafin ya sake ɗamewa. Wanda ya tsallaka daga 70 zuwa 61 kuwa yana bukatar fiye da milimita 30. Ramin da sandar taya ke zamewa a ciki gajere ne, kuma galibi an riga an ci wani sashe nasa. Don haka aikin farko shi ne a sa ma'auni a ga saura nawa. In ramin ya ƙare bel bai ɗame ba, sai an sayi gajere. In kuma babban faifai aka sa, taya za ta matso gaba, sai a duba kada ta goga jikin babur, a kuma duba ko marfin da ke kare bel zai rufe faifan.

A nan kuɗi ke shigowa. A manyan baburan Harley, faifan gaba yana ɓoye ne a bayan akwatin da ke ɗauke da kuloci da sarƙar ciki, a gefen hagu. Kafin a sa sabon bel sai an tsiyaye mai, an kwance wannan akwati ciki da waje, an fitar da kuloci, an kuma saki ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Wannan ne ma ya sa mutane ke gudun taɓa faifan gaba su nufi na baya, domin shi cire taya kawai yake bukata. Amma in sauyin ya yi girman da zai tilasta sabon bel, sauƙin da aka gudo nema ya ɓace, tunda dole a buɗe wancan akwatin. A Sportster na da abin ya fi sauƙi: bel ɗin yana gefen dama, faifan gaba na bayan wani marfi ne da ake cirewa ba tare da an shiga cikin inji ba.

Ko ya shiga, ya dace?

Yawan haƙora ba shi kaɗai ake dubawa ba. Faɗin bel ya sha sauyawa a tsawon shekaru: tsofaffin manyan baburan suna da mai inci ɗaya da rabi, daga baya aka koma inci ɗaya da ɗigo, sannan inci ɗaya, wasu ma milimita 20, duk don a samar wa faffaɗar taya wuri. Siririn bel zai iya zama a faffaɗan faifai, amma faffaɗan bel ba zai shiga siririn faifai ba. Ramin tsakiyar faifai ma ya bambanta tsakanin tsofaffin ƙafafu da sababbi, haka kuma nisan da haƙoran suka fito daga jikin taya. In wannan nisa ya kauce, faifan gaba da na baya ba za su tsaya a layi ɗaya ba, bel zai riƙa gogar gefe yana ƙugi har bakinsa ya zagwanye. Wasu baburan kuma faifansu ba a ɗaure yake kai-tsaye ba, yana zaune ne a kan robobi masu shanye fizga, kuma irin wannan ba ya musanya da wanda ake ɗaurewa da ƙusoshi biyar.

Masu neman ƙaramin faifai na asali sukan same shi ne daga baburan da kamfanin ya ƙera don kasuwannin waje. Waɗanda aka kai Turai an sha ba su giya mai tsawo fiye da ta Amurka, da faifai mai haƙora 61 ko 65, saboda dokokin taƙaita ƙara, tunda injin da ke juyi a hankali ya fi shiru a wurin gwaji. Wannan ya nuna cewa kamfanin da kansa ya yarda babur zai iya ɗaukar sauyin. Bai nuna cewa sauyin ya dace da kowane mahayi ba.

Maleji zai fara ƙarya

A tsofaffin babura da yawa, waya ce ke tashi daga tayar gaba zuwa maleji, don haka sauya faifai ba ya shafar sa. Tun tsakiyar shekarun 1990 kuwa, baburan Harley na karanta gudu ne daga wata na'ura da ke cikin giyabos, kafin ƙarfi ya kai ga bel. Na'urar ba ta san an sauya komai ba. In an koma 65 daga 70, allura za ta nuna 100 alhali babur na gudun kusan 108, kuma ƙidayar kilomita za ta riƙa yin ƙasa da gaskiya. Wannan ya shafi tara a hannun 'yan sanda, ya shafi lokacin juyen mai, ya kuma shafi amana ranar da za a sayar da babur, domin mai saye da maleji yake auna tsufan inji. Gyaran ba shi da wuya: ko a saka ƙaramar na'urar daidaitawa a kan wayar, ko a gyara lambar a cikin kwamfutar babur, sannan a gwada da GPS. Amma dole a sa shi cikin lissafin kuɗi tun farko.

Sauran hanyoyi

Faifan baya ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Haƙori ɗaya a faifan gaba mai 32 yana sauya rabo da kusan kashi 3 cikin 100, a na baya mai 70 kuwa bai kai kashi ɗaya da rabi ba. Wato haƙori ɗaya a gaba ya ɗan ɗara biyu a baya, kuma bai cika cin tsawon bel ba. Masu Sportster 883 na da, mai 27 a gaba da 61 a baya, sun daɗe suna aro faifai mai 29 na yayansa 1200, rabo ya sauko daga 2.26 zuwa 2.10. Ana kuma iya sauya haƙoran sarƙar ciki, a bar bel da maleji yadda suke, tunda wannan sauyi yana faruwa ne kafin giyabos.

Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙorafin doguwar tafiya ita ce ƙarin giya ta shida, domin ita kaɗai ce ke sauke juyi a babbar hanya ba tare da ta taɓa giyar tashi ba. Harley ya sa ta a baburan Dyna a 2006, sannan a sauran manyan a 2007. Ga tsohon babur, tsadarta ta ninka ta faifai nesa ba kusa ba. Masu ƙara wa inji ƙarfi sosai, ko masu son sauya rabo duk lokacin da suka ga dama, sukan cire bel gaba ɗaya su koma sarƙa, su karɓi hidimar mai da wanki da ke tattare da ita.

Ranar ɗauri

Ƙusoshin faifan baya su ke ɗauke da dukkan ƙarfin inji zuwa taya. In suka saki, suna iya karyewa ko su cije jikin babur, taya ta ƙame ana cikin gudu. Don haka a sa sababbi, a shafa musu maganin hana kwancewa, a ɗaure su bi da bi a gicciye, da sifana mai awo, zuwa ma'aunin da littafin wannan samfuri ya faɗa. A duba haƙoran tsohon bel: in akwai tsaga, ko ramin tsakuwa a gefensa, kada a ɗora shi a sabon faifai. Kada a lanƙwasa bel ta baya, kada a murɗe shi, kada a sa sukundireba a ɗana shi ya hau, domin zarurrukan ciki na karyewa ba tare da an gani a waje ba.

Ɗamewarsa kuma ba a auna ta da yatsa. Ana auna ta ne bel na sanyi, da wani ɗan ma'auni mai tura shi da nauyin fam 10, kimanin kilo 4.5, a tsakiyar layin ƙasa, a ga nisan da ya lotsa. A juya taya a gwada wurare da dama, domin ba ko'ina yake daidai ba. In ya yi tsauri zai ci boris ɗin giyabos da na taya, in ya yi sako-sako zai tsallake haƙora ya yage su. A tabbatar taya ta miƙe daidai da jikin babur, a kuma sake duba komai bayan tafiyar farko.

Wa ya kamata ya yi?

Kafin a sayi komai, mai babur ya tambayi kansa inda yake ɓatar da mafi yawan lokacinsa a kan sirdi. In shi kaɗai yake tafiya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da inji mai rarar ƙarfi, rage haƙora kaɗan zai ba shi natsuwar da yake nema, kuma ba zai ji zafin abin da ya rasa ba. In mai goyo ne da kaya, ko mazaunin gari mai cunkoso da tuddai, ƙaramin faifai zai cuce shi, babba ne zai taimake shi. Wanda kuma ke yin duka biyun, rabon da babur ya zo da shi daga kamfani yakan fi masa, domin don irinsa aka zaɓe shi.

Sauyin kashi 3 zuwa 7 cikin 100 ya isa a ji bambanci, kuma shi ne wanda ake da fatan tsohon bel zai ɗauka. Lissafin duka bai wuce rabawa da ninkawa ba: a ƙirga haƙora, a fitar da juyin inji a gudun da aka saba, a auna sauran ramin sandar taya, a haɗa kuɗin faifai da na ƙusoshi da na gyaran maleji, da na bel da aikin bakanike in ta kama. In bayan wannan ribar ta rinjayi asarar, a sauya da kwanciyar hankali. In ba ta rinjaya ba, a bar faifan inda yake, a kashe kuɗin a kan taya mai kyau da birki.